Tanki Ɗaya Tsakanin Likita da Auta

Ba likita ba ne. Malamin jinya ne da ya yi aiki a ɗakin maza na babban asibiti tun gashin kansa yana baƙi har ya zube. Unguwa ce ta sa masa Likita, shi kuma bai ga dalilin da zai kunyata mutane da gyara ba. A asibiti da ƙarin ruwa aka san shi. Jijiyar da ta ɓace wa kowa, shi ake kira ya lalubo ta. Zai rataye ledar ruwa, ya murza ɗan makullin robar da babban yatsa, ya tsaya yana kallon ɗigo da fuskar alƙalin da bai yarda da shaida ba. Majinyata ba sa ƙaunarsa, amma shi suke nema idan hannu ya kumbura. Waɗanda ya koya wa riƙon allura sun zo sun zama shugabanninsa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce masa laifinsa ba ya karɓar shawara. Ya ce wannan ma shawara ce.

Da ya ajiye aiki ya koma gidan mahaifinsu, wanda yake kwance a jikin gangare: bayan gidan a tudu, ƙofarsa can ƙasa a bakin titi. Su biyu suka gaji gidan, shi da ƙanwarsa Auta, tela ce, wadda ta dawo da keken ɗinkinta bayan rasuwar mijinta. Ranar rabo, da yake shi ne babba, aka ce ya fara zaɓa. Ya zaɓi tudu.

"Yaya," in ji Auta, a gaban kawunsu da duk waɗanda suka zo shaida, "ruwa fa ba ya hawa can. Baba ma da bokiti yake kaiwa."

"Baba kafinta ne," in ji Likita. "Ni ruwa inda na ce ya je, nan yake zuwa."

Aka ja katanga a tsakiyar gida, Likita ya fasa tasa ƙofar ta lungu. Abin da ya ƙi rabuwa shi ne rijiyar burtsatse da tankinta. Tankin ya zauna a kan ƙafafunsa na ƙarfe a jikin katanga, ta ɓangaren Likita, da bututu guda da ke saukowa daga gindinsa ya rabu biyu: reshe ɗaya ya ratsa katanga ya gangara wajen Auta, ɗayan ya nufi tudu. Injin da ke cika shi sai an kawo wuta yake aiki, galibi da hantsi. Tun daga ranar nan wa da ƙanwa ba su sake yi wa juna magana kai tsaye ba. Shi yana ce da ita "mutanen gangare," ita tana ce da shi "mutanen tudu," saƙo kuma matar Likita ce ke kaiwa, ta fita ta lungu, ta zagaya ta titi, ta dawo da amsar da ta rage mata kaifi a hanya.

A jikin katangar baya, wuri mafi tudu a gidan, Likita ya jera dashen lemun zaƙi. Bai kasance mai shan lemo ba. Yana cewa yana tayar masa da ƙwannafi. Amma idan bishiyoyin suka rayu suka yi 'ya'ya a wurin da aka ce ruwa ba ya zuwa, to zaɓensa ya yi daidai. Idan suka mutu, maganar da Auta ta faɗa a gaban mutane ta tabbata. Kowa a unguwa ya san ba lemo Likita ya dasa ba, amsa ya dasa.

Sai a faɗi gaskiya, aikin ya tsaru. Kafin ya sayi ko guntun bututu, ya ɗauki bokiti da agogo ya auna gudun ruwan famfonsa. Ya cika doguwar roba mai haske da ruwa, ya sa matarsa ta riƙe baki ɗaya a gindin tanki, shi ya kai ɗayan bakin katangar baya, ya ga cewa tankin ya ɗara gindin bishiyoyin tsayi, amma da kaɗan. Ya ce kaɗan ɗin ya isa, tunda ledar ruwa ma ba a saman rufi ake rataye ta ba. Ya shimfiɗa bututu a bin katanga, daga jikinsa ya fitar wa kowace bishiya da robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, daga cikin waɗanda wa'adinsu ya ƙare aka ba shi lokacin da ake share sito. Kowace da ɗan kwalbarta da ake ganin ɗigo, kowace da makullinta. Ta kusa da tanki ya matse mata, ta ƙarshen layi ya sake mata, don kada na gaba su shanye rabon na baya. Ya sa musu suna gado na farko, gado na biyu, har ƙarshe. Kowace safiya ya kan bi su hannu a baya, ya juya ganye ya duba bayansa, ya tura yatsa a ƙasa.

Abu ɗaya ya manta. A ɗakin maza kowane majinyaci da tasa ledar. A nan leda ɗaya ce, kuma akwai Auta a ɗaya bakin.

Auta tana da fangalin alayyahu da tumatir a bayan ɗakin ɗinkinta, da tiyo mai kauri. Ba ta auna komai. Buɗewa take yi ta jiƙa ƙasa sharkaf. Ranar da Likita ya fara kunna nasa da yamma, ɗigo ya sauka a duk layin, ya tsaya yana gyaɗa kai. Sai aka ji ƙarar ruwa a bayan katanga. Ɗigon gado na ƙarshe ya tsaya, na bi masa ya tsaya, a haka har na farko. Ba tsayawa kaɗai ba: robobin suka shiga zuƙar iska suna ƙugi, domin ruwan da ke cikin bututunsa ma ya juya ya bi gangare.

"Ki je ki gaya wa mutanen gangare," ya ce da matarsa, "ana aiki a sama."

Ta je ta dawo. "Ta ce tana gaishe ka."

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce ai ka ce inda ka ce ya je yake zuwa. Wai ka yi masa magana."

Matar Likita mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da ke ƙidaya a zuci. Ta zauna a bakin baranda ta cire takalmi. "Malam, me zai hana kai ka ba naka da safe, ita ta ba nata da yamma? Ruwan ai ya ishi kowa."

"Na sani. Aikin safe da aikin yamma, ni za ki koya wa?"

"To?"

"Wa zai fara nema?"

Nan maganar take. Likita ya san maganin tun ranar farko, ya fi kowa saninsa. Amma neman a raba lokaci yana nufin amsa cewa ruwan ba ya hawa sai da izinin Auta. Matar ta gwada kai maganar a matsayin tata. Auta ba ta ko ɗaga ƙafa daga kan keke ba. "Matar Yaya, ke kin gaji da zagaye, ni na sani. Amma shi ma yana da ƙafa. Ya zo ya ce, Auta, ruwa ya ƙi hawa. Kalma nawa ce?"

Duk abin da Likita ya gina bayan wannan, don kauce wa wannan jimlar ya gina shi.

Da farko ya koma ban ruwa da sassafe ba tare da ya sanar da kowa ba. Kan famfonsa yana da ƙara idan an murɗa, Auta kuma ba ta da nauyin barci. Ya murɗa, ta buɗe. Ya zuba wa kan famfon mai har ya yi shiru. Sai ya zamana bututun yana ɗan girgiza ta ɓangarenta idan ruwa ya motsa, ita kuma ta ɗaura masa gwangwanin madara da 'yan duwatsu a ciki. Alayyahun Auta bai taɓa shan ruwa irin na wannan lokacin ba. Wani har ruɓewa ya yi.

Sai ya tuna da abin da ya fi sani: leda idan ta yi sama, ɗigo yana sauri. Ya kira mai walda aka ƙara wa tanki tsawon ƙafa. Mai shagon kayan famfo, wanda a rayuwarsa bai taɓa ce wa mai saye ya yi kuskure ba, ya ce wannan dabara ta injiniyoyi ce. Ƙarfin ruwa ya ƙaru kuwa, sai dai bai ƙaru wa Likita shi kaɗai ba. Gadaje na kusa suka samu ɗigo, na ƙarshen layi suka ci gaba da zuƙar iska. A gangare kuma tiyon Auta ya fara harba ruwa har tsallaken fangali. Ta tsaya a gindin katanga ta ɗaga murya, wai da kajinta take magana.

"Ku gode wa mutanen tudu. Yanzu daga zaune nake ban ruwa."

Likita ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa a hankali. Bai taɓa buga ƙofa ba. Yana ganin wannan aikin marasa ilimi ne.

Mataki na gaba ya yi aiki, shi ya sa ya fi muni. Ya yanke reshen Auta ta ɓangarensa, ya sa masa guntun bututu siriri a tsakiya, kamar yadda ake matse makullin roba. Ruwanta ya koma kamar zare, nasa ya kai gado na ƙarshe. Lemun suka fitar da sabon ganye mai sheƙi, Likita ya fara tsayawa a bakin lungu yana amsa gaisuwa da tsawo. Auta ba ta aiko da saƙo ba. Ta sa aka kawo mata durorin roba, ta jera su a gindin katanga, ta sa bakin tiyo a na farko, ta bar famfo a buɗe daga hantsi har faɗuwar rana. Zare ba ya sauri, amma ba ya hutawa. Kafin yamma tanki ya koma fanko, sai gobe idan an kawo wuta.

A nan ne Likita ya yi abin da ya ɗauka shi ne ƙarshen magana. Ya huda tankin a tsakiyar cikinsa ya mayar da bututun Auta can, nasa ya bar shi a gindi. Ko ta kwana tana zuƙa, rabin ƙasa nasa ne. Mai shagon kayan famfo ya ce da a ce kowa yana da irin kansa, da shi ya rufe shago.

Lokacin kuwa rani ya yi nisa, rijiya ta ja baya, inji ya fara jawo ruwa da yashi mai laushi. Yashi ba ya tsayawa a tsakiyar tanki. Auta ta riƙa samun ruwan sama, garai-garai, da ƙarfinsa. Likita ya gaji gindi: ruwa mara ƙarfi da duk lakar da ta kwanta. Robobin asibiti kuma don ruwa mai tsabta aka yi su, a cikin inuwa. Shi ya ƙi bututu baƙi tun farko saboda yana son ya ga ɗigo da idonsa; rana ma ta ga ciki, gansakuka ta tsiro. Robobin suka toshe ɗaya bayan ɗaya. Ya fito da sirinji ya riƙa bin su yana turawa yana wankewa, a tsugune, da gwiwoyin da suka yi shekaru suna tsaye a kan siminti. Ya buɗe na farko, kafin ya kai na ƙarshe na farkon ya sake toshewa. Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya fara zuba daga ƙarshen layi.

Bokiti zai iya ceton su, amma bokiti hanyar Baba ce, kuma daga tagar ɗakin ɗinki ana hango katangar baya. Wata rana ya tura yatsa a gindin gado na ƙarshe ya ji danshi, alhali robar a toshe take. Ya shinshina yatsan. Sabulu.

"Wa ya ba wannan ruwa?"

"Ruwan wanke-wanke ne," in ji matarsa. "Zubarwa zan yi."

"Yanzu ta yaya zan san abin da ya sha?"

"Malam, mutuwa yake yi."

"Ba a ba majinyaci abu a bayan idon mai jinya."

Ta dube shi, ta koma ta ɗauki kwanukanta. Ta taɓa jin wannan maganar. Lokacin ciwon ajalin mahaifiyar Likita da Auta, a wannan gidan, shi ne ya yi jinyarta, kuma ya yi ta da kyau. Ƙodarta ta gaza, ruwan da za ta sha sai an auna. Tsohuwa ta riƙa roƙon ruwa, Auta ta riƙa ba ta a kofi idan ya fita. Ya kama ta, ya kore ta daga ɗakin a gaban surukai. Tsohuwar ta rasu a lokacinta. Shi har yau yana ganin kofin ne ya gaggauta, Auta har yau tana ganin uwarta ta tafi da ƙishi. Babu wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa haka. Sun bar wa bututu ya faɗa.

Da zafi ya kai maƙura, injin ya shaƙe da yashi ya tsaya. Mai gyara ya ɗauke shi ya ce sai an samo kayan. Tanki ya bushe, sama da gindi. A gidan gaba ɗaya ba ruwa sai a durorin Auta, cike har baki, a rufe da faifan roba. Na sha da na girki matar Likita tana karɓowa ta titi, shi kuma yana sha ba ya tambayar daga ina.

Bishiyoyin ƙarshen layi sun riga sun tafi. Na tsakiya suna tsaye da 'yan ganye. Na kusa da tanki da sauran rai sosai, ɗaya ma har da 'yan ƙananan lemo kore, girman kan yatsa.

Da yamma Auta ta jingina tsani a katanga ta hau, ta ɗora bokiti cike a kan katangar. Shekarunta sun wuce na hawan tsani. Likita yana tsugune da sirinji a hannu, yana wanke robar da ba ruwan da zai bi ta.

"Yaya."

Bai juyo ba. Ya ce da matarsa, wadda ke tsintar shinkafa a tire a baranda, "Ki tambayi mutanen gangare me suke nema a kan katangata."

"Rabinta tawa ce. Kuma ga ni, ba sai an zagaya ba." Ta daki gefen bokitin. "Ina da ruwan da zai riƙe waɗannan har a dawo da inji. Ni zan miƙo, matarka ta karɓa. Ba sai ka ɗauki bokiti ba, kada a ce Likita ya zama kafinta."

Matar ta ajiye tiren ta miƙe.

"Zauna," ya ce.

"Ba roƙo na ce ka yi ba," in ji Auta. "Ka dai faɗa. Ruwa ba ya hawa nan. Ba kowa, daga ni sai ita. Ita ma ta toshe kunne."

"Ruwa ya hau nan. Kowa ya gani."

"Ya hau da aka shaƙe ni."

"An daidaita ki."

"To ga daidaito nan, yana zubar da ganye." Ta gyara tsayuwa a kan tsani. "Tun muna yara haka kake. Ka gwammace abu ya mutu a hannunka da ya rayu a hannun wani."

"Ke kuma ba ki taɓa ba da ruwa don mai ƙishi ba. Don a gani kike bayarwa."

Wannan ita ce rana ta farko da ya yi mata magana kai tsaye tun ranar rabo. Matar Likita ta ce daga baya har ta fara murna.

Auta ta gyara riƙonta. Bokitin yana nan a kan katanga, ruwa yana ɗan rawa a ciki. "Hannuna ya gaji, Yaya. Ka faɗa ko in sauka."

Likita ya miƙe da ƙyar, ya dafa katangar baya. Ya bi layin da kallo daga ƙarshe zuwa farko. Ya tsaya a gaban mai 'yan lemun, ya juya ganye ɗaya ya duba bayansa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya shiga ɗakin ajiya ya fito da zarton mahaifinsu.

Ya fara da masu rai. Dashe ne matasa, ba su kai kaurin hannu ba, ba su ba shi wahala ba. Matar ta ce, "Malam," sau ɗaya, ta koma ta zauna. Auta ba ta sauka ba. Ta tsaya ta gani har ƙarshe, shi kuma bai yi sauri ba. Da ya gama ya tattara su gefe guda, ya kakkaɓe hannu.

"Cuta ce a saiwa," ya ce da matarsa, da muryar da yake gaya wa dangin majinyaci sakamako. "Tun daga wajen mai dashe suka zo da ita. Idan an tambaye ki, ba ƙishi ba ne. Ba wanda ya mutu da ƙishi a nan."

Auta ta sauke bokitinta ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba.

Da aka dawo da inji, tanki ya cika, Auta ta aiko matar da saƙo, wannan karon matar ba ta rage masa komai ba: tunda babu mai sha a tudu, sai a rufe famfon sama, a cire mata abin da aka shaƙe ta da shi.

Likita yana zaune a kujerar roba a gaban kututturan. Ya riga ya cire robobin asibitin, ya bar bakin bututu a buɗe a kan ƙasa.

"Ki ce mata ƙasa ma tana sha," ya ce.

Ya miƙa hannu ya murɗa famfon har ƙarshe.